Tasawa da kilishinta

Tasawa gari ne na Hausawa a jihar Maraɗi, kudancin Jamhuriyar Nijar, kuma shi ne hedikwatar gundumar da ke ɗauke da sunansa. Yana kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, kimanin kilomita 120 gabas da Maraɗi. Mutanensa manoman gero da wake da gyaɗa ne, suna kuma kiwo. A wajen matafiya kuwa, kilishi ne ya fito da sunan garin.

Tarihi

Ƙasar Tasawa, wadda ake kiran mutanenta na asali Tazarawa, ta daɗe a ƙarƙashin Katsina kafin jihadin da ya soma a 1804. Bayan da sarakunan Haɓe na Katsina suka ƙaura arewa suka zauna Maraɗi, garin ya tsinci kansa tsakanin ikon Maraɗi da na Damagaram, ayarin fataken Abzin kuma suna yada zango a nan a hanyarsu ta Kano. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya sauka a Tasawa a farkon 1851, daga nan ya nufi Katsina.

A watan Yulin 1899 ne rundunar Faransa ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa ta hallaka jama'a masu yawa, ta wargaje a wannan yanki. Sojojinsu ne suka harbe su biyun a kusa da garin Maijirgi. Faransawa sun mai da Tasawa mazaunin mulkinsu na yankin, kafin a mayar da shi Maraɗi a wajajen 1927.

Kilishi

Sana'ar ta mahauta ce, galibi gado. Ana zaɓar tsokar cinyar sa marar kitse, mai wuƙa ya zauna yana feɗe ta a hankali har ta warware falle guda, shara-shara, ana hango haske ta cikinta. Sai a baza a kan gadon kara a rana. Idan ta bushe a tsoma ta cikin labu, wato tunkuzar gyaɗa da aka dama da citta, kanumfari, masoro, barkono, albasa da gishiri. A sake shanyawa, daga ƙarshe a ɗan gasa a kan garwashi. Iri uku aka fi sani: ja, da fari, da rumuzu, wanda ba a sa masa labu sai mai da yaji; a shi ne ake gane hannun gwani, don babu abin da zai rufe aibin naman. Aikin ya fi kyau da rani, damina kan hana shi bushewa.

Garuruwan Madawa da Gidan Rumji su ma suna iƙirarin nasu ya fi, kuma ba a daidaita kan garin da ya fara yin kilishi ba.