Ba su ce mai zai ƙare kafin 2000 ba fa

Har yanzu ina jin mutane suna cewa wai masana sun yi hasashe a 1972 cewa man fetur zai ƙare duniya ta durƙushe kafin 2000, ga shi ba abin da ya faru, don haka duk lissafin kwamfuta kan muhalli shirme ne. Gaskiya ba haka zancen yake ba.

Rahoton da ake nufi shi ne The Limits to Growth, wanda su Donella Meadows na jami'ar MIT a Amurka suka yi wa ƙungiyar Club of Rome da tsarin kwamfuta mai suna World3. Abu biyar suka haɗa, yawan jama'a da abinci da masana'antu da gurɓatar muhalli da ma'adinai, suka gwada hanyoyi daban-daban har zuwa 2100, in an yi kaza to kaza zai biyo baya, in an ci gaba yadda aka saba koma bayan a ƙarni na 21 zai zo, kuma akwai hanyar da duniya ta zauna daram in an daidaita yawan jama'a an rage ɓarnar albarkatu, amma ita ba a cika ambatonta ba, abin da ke ci min rai kenan.

Zancen man kuma daga wani jadawali da ke cikin rahoton aka tsinto shi, na shekarun da arzikin ƙarƙashin ƙasa da aka sani a lokacin zai kai in ba a gano sabo ba. A 2008 wani mai bincike, Graham Turner na Ostareliya, ya duba alƙaluman abin da ya faru a zahiri daga 1970 zuwa 2000, sai ya ga sun yi kusa da hanyar yadda aka saba ɗin.