Me ake nufi da "shuka iri" a cocin Legas?

Wanda ya taso a cocin ECWA, COCIN ko EYN a arewa, kalmomi biyu ya sani game da kuɗi a gidan Ubangiji: baiko da zakka. Baiko shi ne abin da ka yi niyya ka sa a kwano ranar Lahadi, zakka kuwa, wadda wasu ke kira ushiri, ɗaya bisa goma ce ta abin da ka samu. Sai mutum ya sauka Legas, abokin aiki ya ja shi addu'ar kwana a ɗaya daga cikin manyan sansanonin da ke hanyar Ibadan, sannan zai ji ta ukun: shuka iri.

Kuɗi ne da ake bayarwa daban, da wata buƙata a rai, ko aiki, ko haihuwa, ko biza, ko warkewa, da sa ran Allah zai mayar ninkin ba ninkin. Kuɗin shi ne irin, hidimar mai wa'azi ita ce gonar, biyan buƙata shi ne girbin.

Ba a Legas aka haifi koyarwar ba. Oral Roberts, mai wa'azi daga Tulsa ta Amurka, shi ya yaɗa ta a rediyo da talabijin, har ya yi littafi a kanta a 1970. A Najeriya, Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998, yana cikin waɗanda suka share wa wa'azin wadata hanya. Ta kuma samu kunnuwa bayan 1986, lokacin da SAP, tsarin gwamnati na gyaran tattalin arziki, ya karya darajar naira, albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata.

Ayar da aka fi jingina da ita tana 2 Korintiyawa 9:6, inda Manzo Bulus ya ce mai ƙwauron shuka kaɗan zai girba, mai yalwata shuka kuma zai girba da yawa. Maganar gaskiya ce. Amma a koma sura ta 8 a ga abin da ake tarawa. Gudummawa ce Bulus yake haɗa wa matalautan masu bi na Urushalima. Ya yaba wa ikilisiyoyin Makidoniya da suka bayar cikin talaucinsu, ya kuma faɗa ƙarara cewa ana karɓar bayarwa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba, kuma ba nufinsa a sauƙaƙa wa wasu a nauyaya wa wasu ba. Ke nan irin Bulus wurin mabukata ya nufa. Bai sa masa farashi ba, bai yanka ranar girbi ba.

A nan ne raina ke ɓaci. Wani ƙanena, mai gadi a unguwar Ajah ta Legas, ya shekara yana tara kuɗin hayar ɗaki, don a garin nan shekara guda ake biya gaba ɗaya. A wani taro aka ce mai neman buɗi ya kawo irin da zai ji zafinsa. Ya kwashe ya kai. Da na tambaye shi dalili, ya ce, "Yaya, tsoro na ji kada albarkata ta wuce ni." Mu 'ya'yan manoma ne, a gida, irin da za a shuka daban ake ɗaure shi a rumbu, ba a ɗibarsa daga tukunyar yara. Bulus ɗin nan shi ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya yi musun bangaskiya. Bitrus ma bai yi wa Siman na Samariya da sauƙi ba sa'ad da ya miƙa kuɗi yana neman baiwar Allah.

Ba na cewa a ɗaure bakin jaka. Na ga masu bi da suka bayar da zuciya ɗaya a irin wannan taro, Allah ne ya san tsakaninsa da su. Ƙanen nawa dai, zumuntar mata ta sashen Hausa a cocinmu ce ta harhaɗa masa rabin hayar, masu tuya ƙosai da masu wankau a cikinsu, sauran rabin kuma maigidan ɗakin ya ɗaga masa ƙafa zuwa Kirsimeti.