Ma'anar ba da kwangilar aikin manhaja a ƙetare

Ba da kwangilar aikin manhaja a ƙetare tsari ne da kamfani ke ware wani ɓangare na aikinsa na kwamfuta, kamar rubuta manhaja, gwada ta ko kula da rumbun bayanai, ya miƙa wa wani kamfani a ƙasar da albashin injiniyoyi bai kai na gida ba. Bambancin lokaci ma yana taimakawa, domin banki a Amurka kan tura matsala da yamma, ya wayi gari an warware ta a birnin Bangalore na Indiya.

Indiya ce ta fi kowa cin moriyar wannan tsari. An kafa Tata Consultancy Services a 1968, Infosys kuma a 1981, amma kasuwar ba ta buɗe sosai ba sai a 1991, lokacin da gwamnati ta sassauta dokokin tattalin arziki, ta kuma samar da cibiyoyin manhaja masu layin sadarwa ta tauraron ɗan'adam da rangwamen haraji. Daga baya fargabar cewa kwamfutoci za su rikice da shigowar shekarar 2000, saboda tsofaffin manhajoji da lambobi biyu kawai suke rubuta shekara, ta jawo wa injiniyoyin Indiya ayyukan gyara masu ɗimbin yawa.

Sai dai tsarin yana da iyaka, kuma a ganina nan ne ya kamata mai karatu ya fi mai da hankali. Mai karɓar kwangila ƙwadagon kansa yake sayarwa, mallakar manhajar kuwa takan zauna a hannun wanda ya biya. Haka kuma aikin ba ya buƙatar jari mai nauyi, shi ya sa ya bunƙasa a Indiya ya bar ƙera kayan na'ura a baya, domin masana'antar ƙananan ƙwaƙwalen lantarki tana neman wutar da ba ta ɗaukewa, ruwa mai tsabta ƙwarai da biliyoyin daloli. Gobarar da ta cinye masana'antar ƙwaƙwalen lantarki ta gwamnati da ke garin Mohali a 1989 ta ƙara jefa fannin baya. A Disamban 2021 gwamnati ta ware kusan dala biliyan 10 don farfaɗo da shi, sannan a 2024 ta amince Tata da kamfanin PSMC na Taiwan su gina masana'anta a Dholera ta jihar Gujarat. A ɓangaren manhajar kuma, ƙirƙirarriyar basira ta fara rubutu da gwajin da ake ɗaukar sababbin injiniyoyi dominsu, kuma su ne ayyukan da kwangilar ta fi dogara a kansu.