Kwanciya ba ta gaggauta warkewar maras lafiya

A Sakkwato, in aka yi wa Baba tiyata, da zarar ya yunƙura zai tashi sai masu jinya su ruɗe: "Baba, don Allah ka kwanta, kada ɗinkin ya ɓalle!" Tausayi ne, amma an daɗe ana kuskure a nan.

Jikin da ya kwana biyu bai motsa ba, tsokarsa takan fara zubewa, musamman a jikin tsoho. Jini yakan daskare a jijiyar ƙafa, kuma in gudan ya ɓalle ya kai huhu, rai na iya salwanta. Majina takan taru a ƙirji ta zama namoniya, baya da ɗuwawu su yi gyambo. Shi ya sa macen da aka ciro wa jariri ta tiyata akan so ta taka ƙasa cikin awa 24.

Ba da ka ake yi ba. Nas takan fara auna hawan jini, ta zaunar da maras lafiya a bakin gado, ta tambaye shi ko yana jin jiri, domin jinin wanda ya daɗe kwance yakan faɗi da ya miƙe. In maganin barci bai sake shi ba, sai a dakata. Sannan a taka da shi, mutum a gefensa, ba santsi a ƙasa.

Wanda ya karye a ƙashin baya kam sai likita ya ba da izini. Wanda ba ya iya tashi kuwa, akan juya shi duk bayan awa 2.