Kafin ka sayi tirelar dakon motoci a Legas: abin da doka ke nema a wurinka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar motoci ta Berger, kan titin Oshodi zuwa Apapa, ya ga yadda ake lodin motocin tokumbo a kan tirela mai hawa biyu. Direba na tafiya a hankali kan siririn ƙarfe, yaron mota na gaba yana masa nuni da hannu, wani kuma na bin tayoyi da sarƙa. Matasanmu na Agege da Alaba Rago sukan tsaya su ƙirga motocin, su ninka da kuɗin dako zuwa Kano, su ce ai sana'a ta samu. Sana'a ce mai kyau, ni ma ina son ganin namu a cikinta. Amma a wannan harka takarda ke gaba, ƙarfe na biye, kuma takardar da ta fi iya kayar da mutum ba ma ta tirelarsa ba ce, ta motocin da ya ɗauko ce.

Mu fara da masu sauƙi. Ka yi rajistar sunan kasuwanci ko kamfani a hukumar CAC. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Direban da zai ja tirela sai yana da lasin aji G, na motocin da kai daban bodi daban, kuma lasin haya ba a bayar da shi sai mutum ya kai shekara 26. Lasin ƙaramar mota ba ya aiki a nan, ko da direban ya ƙware. Legas ta ƙara nata: takardar lafiyar mota daga jami'an duba motoci na VIS, da katin cibiyar horar da direbobi ta LASDRI.

Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya tun 1 ga Fabrairu, 2017. Ƙa'idar tirela kilomita 60 ce a awa a kan babban titi mai hannu biyu, 50 a hanyar gari zuwa gari, 45 a cikin gari. Ranar da motocinka suka kai biyar, ka shiga tsarin RTSSS na masu motoci da yawa, wanda hukumar ta fito da shi a 2007: rajista, jami'in kula da lafiyar tafiya, da binciken motoci da direbobi.

Sai lokaci. Tun 2012 dokar hanya ta Legas ta hana tirela zirga-zirga a cikin birni daga ƙarfe 6 na safe zuwa 9 na dare, ban da tankokin mai da dogayen motocin fasinja. Na sani za ka ce kullum kana ganin tireloli da rana tsaka a Mile 2. Gaskiya ne. Amma sabon shiga mai mota ɗaya tilo shi ne wanda ba zai iya jure kwana uku motarsa na tsare a hannun jami'an kula da hanya na LASTMA ba, ga motocin mutane a kai, ga dila na bugo waya daga Kaduna. In kuma cikin tashar jiragen ruwa za ka shiga ɗauka, kamar PTML a Tin Can inda jiragen dakon motoci ke sauke kaya, tun Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta NPA ta ce sai ta manhajar Eto: ka yi rajistar tirelar, ka nemi izini, ka jira a garejin da aka amince da shi har a kira ka.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Dokar kwastan ba ta tsaya kan kayan da aka yi fasa-ƙwaurinsu ba, tana ba da ikon kama abin hawan da ya ɗauko su. Ma'ana, in cikin motoci bakwai da ke bayanka akwai ɗaya da ba a biya mata duti, wato harajin kwastan, ba, ko aka biya da takardun wata motar, tirelarka ma tana cikin haɗari, kuma sauran shidan sun tsaya tare da ita. "Ni ɗan dako ne kawai" magana ce da za ka yi ta maimaitawa a ofis bayan an riga an ja motar. Ka tuna tun 1 ga Janairu, 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da aka ce maka daga Kwatano ta biyo ta Seme, ka buɗe ido sosai kafin ta hau bayanka.

Saboda haka kafin a hau da kowace mota, ka karɓi kwafin takardar bayanin kaya ta kwastan, wadda ejan ke kira SGD, da rasiɗin biyan duti da takardar fita daga tasha. Sannan ka sunkuya da kanka, ka leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka karanta lambar casis. Haruffa da lambobi 17 ne. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa a kan takarda. In ɗaya ya saɓa, ka ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba za ta hau ba sai an gyara." Zai ji haushi, wataƙila ya kai wa wani. Gara hakan da a sauke ka a Ogere ko Jebba.

Inshora ita ce wuri na biyu da sababbi ke faɗawa. Wadda doka ta wajabta, ta ɓarnar da ka yi wa wani a hanya, tun Janairun 2023 kuɗinta naira 100,000 ne ga babbar motar kaya, kuma iyakar abin da take biya na dukiya naira miliyan 5 ne. Ba ta biyan ko madubi ɗaya na motocin da ke bayanka. Su sai inshorar kaya a kan hanya, wadda ake saye daban. Yi lissafin kuɗin motoci bakwai a kasuwar yau, ka ga ko aljihunka zai ɗauka in sarƙa ta tsinke a gangara. Takardar inshorar ma ka duba lambar motarka a rumbun bayanan inshora na NIID, don ta bogi ta yi yawa.

Wani ƙanena da ya fara da hayar tirela ya taɓa asarar ribar tafiya guda a kan ƙarzuwar ƙofa da tun a jirgi motar ta zo da ita. Ba shi da shaida, dole ya biya. Tun daga nan ba ya ɗaura sarƙa sai ya zagaya kowace mota da waya yana ɗaukar bidiyo, ya rubuta a wayabil duk lotsawa da fashewar fitila, da yawan makulli, da ko akwai safaya da jak da batir, mai mota ko ejansa ya sa hannu. Wanda zai karɓa a Kano ma sai ya duba ya sa hannu a kan takardar kafin a kwance sarƙar farko.