Tarakta da tirela a lokacin kaka: a kula da lodi da gangara

Kaka ta yi, daga Saminaka har Dandume ko'ina ka duba tarakta ce ke jan tirela maƙare da buhunan masara. Mu malaman gona abin farin cikinmu ne, amma gabanmu na faɗuwa idan muka ga irin lodin da ake yi.

Duk direban da tirela ta taɓa yi wa rawa ya san tashin hankalin. Ana cikin tafiya sai ta fizge ka dama, ta dawo da kai hagu, sitiyari na hannunka amma ba kai ke tuƙi ba. Sau da yawa tun wurin lodi aka ɓata: an jibge kaya a gindin tirela, gaba ba nauyi. A tirela mai taya biyu, kusan kashi 60 cikin 100 na kayan gaban tayoyi ya kamata su zauna, a ɗaure su tamau. In rawar ta fara, kada ka taka birki da ƙarfi. Rage wuta a hankali, riƙe sitiyari a miƙe, ka samu gefe ka tsaya a sake lodi.

Gangara ce ta fi ba ni tsoro. Buhu 40 mai kilo 100 tan 4 ke nan, ga shi da yawa daga tirelolin da masu walda ke ƙerawa ba su da birki. Wannan nauyin duka tarakta zai turo. Don Allah, direba, ka sa ƙaramar giya tun kafin ka fara sauka, kada ka sa firi wai don tattalin mai. Birkin tarakta biyu ne, na dama da na hagu. Kafin ka hau titi ka kulle su wuri ɗaya, domin in ka taka guda kana gudu, juyawa za ta yi.

Sai mahaɗa, wato inda ake haɗa tirela da tarakta. Guntun rodin da ake cusawa a ramin ba ya riƙo, gargada kaɗan zai yi tsalle ya fita. A sa ƙarfen da aka yi domin wurin, da makullinsa, a ƙara da sarƙa.

Leburori da yara kuma kada su hau saman buhuna, ko da tafiyar ba nisa. In dare zai yi muku a hanya, musamman yanzu da hazo ke tafe, a tabbatar akwai danja a bayan tirela, domin mai mota ba ya ganinta sai ya zo daf.