Biyan Kuɗi da Miƙa Ragama a Cinikin Doki na Gida a Sudan

Cinikin doki na gida shi ne wanda mai doki da mai saye suke ƙullawa a bakin turke, a ƙofar gida ko a gona, ba tare da an kai dabbar kasuwa ba. Hausawan Sudan suna yin sa a Gadarif, Kasala, Damazin, Niyala da Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903. Yawancin dawakan ƙasar a Darfur da Kurdufan ake kiwonsu. A cikin gari kuwa doki abokin neman abinci ne, shi ke jan amalanken da ake kira karo, don haka asararsa asarar tukunyar gida ce.

Cinikin yana da gaɓa uku: sallamawa, biyan kuɗi, da miƙa ragama. In sun haɗu a zama ɗaya, da wuya a ji kansu. Rigima tana tasowa ne daga tazarar da aka bari a tsakaninsu, domin doki rai gare shi. Yana iya cin harawa da daddare, gari ya waye yana kwance.

Dillali da mai lamuni

A kasuwannin dabbobi na Sudan akwai mutumin da ake kira damin, wato mai lamuni, wanda yake tsaya wa mai sayarwa cewa dabbar tasa ce, ba ta sata ba. Aikinsa daban ne da na dillali, wanda Larabawa ke kira simsar, mai haɗa ciniki ya karɓi la'ada. Cinikin gida ba shi da damin sai an nemo shi, kuma nan ne babban rauninsa. A hukuncin Malikiyya, in mai doki na asali ya bayyana da hujja zai karɓi abinsa, mai saye kuma ya bi wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. In wancan baƙo ne ya riga ya wuce, shi ke nan. Shi ya sa mai hankali yake duba tambarin wuta da ke jikin dokin, wanda ake kira wasam, ya kuma nemi dattijon unguwa ko limami da ya san mai sayarwa.

Asara a wuyan wa take?

Yawancin Hausawan Sudan Malikawa ne, kuma hukuncin mazhabar a nan yakan ba mutane mamaki. Da zarar mai doki ya ce “na sallama”, mai saye ya amsa, ciniki ya ƙullu, ko da ba su tashi daga tabarma ba. In dokin yana nan tsaye a gabansu, alhakinsa ya koma kan mai saye tun daga wannan lokaci. Wanda ya ce, “Alhaji, a bar mini shi a turkenka zuwa Juma'a,” ya sani cewa dokinsa ne ya ba da ajiya.

Mafita ita ce cinikin zaɓi, wato a yanke wa'adin da za a iya fasa ciniki a cikinsa. Littafin fiƙihun Malikiyya, Mukhtasar na Halil, ya ƙayyade wa dabba kamar kwana 3, a gwada ta, a ga cinta da tafiyarta. A tsawon kwanakin nan ciyarwa da asara suna kan mai sayarwa, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana a sharɗanta biyan kuɗi kafin wa'adin ya cika. Kwana ukun nan sun fi duk wani rantse-rantse amfani. Ɗingishin da bai fito da rana ba yakan fito da sanyin safiya, haka tari, haka halin cizo ko harbi, haka dokin da ke tirjewa in an ɗaura masa karo. Shekaru kuwa haƙora ke faɗa, domin na gaba suna gama sauyawa ne a shekara 5. In mai sayarwa ya ɓoye aibin da ya sani, mai saye yana da damar mayar da doki ya karɓi kuɗinsa.

Dokin da aka saya daga nesa, bisa siffantawa ko hoton waya, yana wuyan mai shi har ya iso hannun mai saye, kuma ba a sharɗanta biyan kuɗinsa tun yana can.

Kafin alƙalami

Larabawa suna kiransa arbun. In an ba da shi ne a kan cewa za a lissafa shi cikin farashi, a mayar in ciniki ya watse, babu saɓani. In kuwa sharaɗin shi ne mai doki ya riƙe kuɗin in mai saye ya fasa, Malikiyya sun hana, Hambaliyya sun halatta, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta amince da shi a zamanta na Burunai a 1993, muddin an yanke wa'adi. Tunda malamai sun rabu, wajibi ne a faɗi wanne ake nufi tun kuɗin bai bar aljihu ba.

Biya

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun kar-ta-kwana na RSF ranar 15 ga Afrilu 2023 ya sauya yadda kuɗi ke tafiya. Takardun kuɗi sun yi wuya, ciniki ya koma kan manhajar Bankak ta Bankin Khartum. Hoton shaidar turawa, wanda ake kira ish'ar, ba kuɗi ba ne, kuma mazambata suna ƙirƙirar na jabu. Mai doki ya buɗe asusunsa da kansa, ya ga kuɗin sun zauna, sannan ya kwance igiya. In intanet ta ɗauke, sai a jira tare. A Disamba 2024 kuma aka fara canjin takardun fam 500 da 1,000 a jihohin da ke hannun soja, ɓangaren RSF ya ƙi amincewa da sababbin, har ta kai takardar da ke ci a Gadarif ba lalle ta ci a Niyala ba. Saboda haka ana fayyace irin kuɗin da za a biya, da wanda zai ɗauki ladan canji in za a mayar da na waya tsaba.

In an yi gardamar wa zai fara miƙawa, mai saye ne ke fara biya. In bashi ne, aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubutu da shaidu.

Miƙawa

Takardar ciniki ba ta buƙatar tsawo: sunayen mutum biyun, farashi, abin da aka biya da saura, ingarma ne ko goɗiya, launinsa, tambarinsa, aibin da aka bayyana, da sa hannun shaidu biyu. A rubuta ko sirdi da linzami suna ciki, don ba kowa ke ɗaukar su a matsayin ɓangaren doki ba. In goɗiya ce mai ciki, ɗan yana bin uwarsa, ba a yi masa farashi daban. Daga nan mai doki ya kwance dabaibayi, ya danƙa ragama a hannun mai saye a gaban shaidu, ya gaya masa abin da dokin ya saba ci da lokacin shan ruwansa, domin sauya abinci farat ɗaya yana jawo wa doki ciwon ciki mai kisa.